Me ke dusashe ɗanyen waken suya a firiza?

Jama'a, don Allah a taimaka. Ana zaɓen kwanso mai kauri, kore shar, a murje shi da gishiri gashin ya fita, a tafasa rabin kilo cikin ruwa lita 2 na minti 3, a tsoma a ruwan ƙanƙara, a tsane sosai, a zuba a leda, sannan firiza. Duk da haka, bayan wata 2 sai launin ya koɗe, zaƙin ya gudu, ƙwayar ta yi lugub idan an ɗumama. Tafasar ce ba ta isa ba, ko iskar da ta rage cikin ledar ce? In an ƙara minti 2, folet (wani nau'in bitamin B) zai ragu sosai? Shi na fi ji, tunda ruwan tafasa yana wanke shi.