Don Allah a taimaka min da lissafin gadon nan, ya tsaya min

Salam 'yan uwa, masu ilimin mirasi da masu lissafi don Allah ku duba min wannan. A islamiyya aka ba mu mas'ala, mace ta rasu ba ta da ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai, dukiya naira 600,000. Miji rabi ne 1/2, su kuma sulusi biyu 2/3. Na maida su kan 6, rabi ya zama 3/6, nasu 4/6, da na haɗa sai ga 7/6, wato miji 300,000 su 400,000, kuɗin ya gaza da dubu ɗari kenan. Malam ya ce aulu ne, wato rabon magada ya fi dukiyar yawa, asalin mas'ala (lambar da ke ƙasa) ya tashi daga 6 ya koma 7, to nan ne fa kaina ya ɗaure, shin 600,000 ɗin zan raba gida 7 in ba miji kaso 3 su kaso 4? Don in haka ne mijin bai kai rabi ba, wajen 257,000 yake samu a kalkuleta ta. Sannan wata tambayar daban, in aka haɗa 1/8 da 2/3 da 1/6 ta yaya ake gano 24 ne a ƙasa? Abin haƙƙin mutane ne shi ya sa nake so in fahimta sosai, a yi min dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.