Muna jiran dawowar Almasihu: yaya tanadin gidajenmu yake?

Dattijon ikilisiya, Zuru

Salama gare ku, 'yan'uwa. Akwai masu bi da ke cewa tunda alamun kwanakin ƙarshe sun bayyana, ga yaƙi ga yunwa ga annoba, ajiye hatsi da magani rashin bangaskiya ne. Akwai kuma waɗanda tsoro ya kora kasuwa, suka jibge wake buhu biyar, kafin Ista ya zama gari. Duka biyun suna damuna.

Matiyu 24:36 ta faɗa sarai, ba wanda ya san ranar ko sa'ar. A Amurka, mabiyan William Miller sun sa ranar 22 ga Oktoba 1844, wasunsu suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye kamar kullum. Wani mai wa'azi, Harold Camping, shi ma ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zubar da abin hannunsu. Ai tun zamanin manzanni Bulus ya tsawata wa waɗanda suka ajiye aiki a Tasalonika, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Yusufu kuwa da aka nuna masa yunwa na tafe, lissafi ya yi: kashi ɗaya cikin biyar na girbi, shekara bakwai.

Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya sani a fanninsa, da awo, da inda abin ke lalacewa.

Malamin gona, Danko-Wasagu

Baba, na gode. Mu fara da awo, don yawancin gidaje ba su san cinsu ba. Mutum ɗaya yana bukatar tsaba wajen giram 450 a rana. Gida mai mutum takwas ke nan kilo uku da rabi, kusan tiya ɗaya da rabi, wato buhu mai kilo 100 a wata. A ƙara wake tiya shida, gishiri kilo ɗaya da ɗoriya, mai wajen lita bakwai zuwa takwas, sai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da barkono. A yi nufin wata uku, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau, hanya kuma ta lalace.

Abu biyu ke cinye ajiya, danshi da ƙwaro, kuma danshin ne ya fi yaudara. Masara sai ta bushe har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 13 cikin ɗari. Ba sai da na'ura ba. A samu kwalba busasshiya, a zuba tsabar zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara gishirin da aka shanya cokali biyu, a rufe a girgiza minti ɗaya, a bar ta ta huta kwata na awa, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗar da aka ɗura da danshi suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Ko kaji bai kamata a ba su ba.

Don ƙwaro, buhun PICS ya fi komai da muka gwada: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa magani ko kaɗan, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Kafin ɗuri a cika kowace leda da iska, a matse bakinta a saurara, in tana huci ta tashi aiki. Bayan ɗuri a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta farko, a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaure ukun gaba ɗaya da igiya guda. A ɗora bisa katako, kada ya jingina da bango, don ɓera ya huda sau ɗaya aikin ya ɓaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ba shi da kuɗin buhun, jarka mai murfi mai kyau tana yi wa wake wannan aikin, muddin an cika ta fal.

Ina roƙonku da sunan Ubangiji, ku bar zuba fiya-fiya a wake. Ƙwayar Phostoxin kuma, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, da ta sha danshin iska take sakin hayaƙin da ke kashe mutum yana barci. Ba a sa ta a ɗakin kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da rufi da na kwana.

A garuruwanmu da ake ƙone rumbuna, kada a tara komai wuri guda. Kashi a gida, kashi wajen ɗan'uwa a cikin gari. Kada kuma a niƙa fiye da garin mako biyu, garin gero yana saurin ɗaci. Turmi da taɓarya su kasance da lafiyarsu, don ranar da ba mai, injin niƙa ba ya tashi.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi

Malam ya gama da ciki, ni ruwa ne nawa, domin bayan ambaliya ko gudun hijira, gudawa ce ke fara ɗaukar yara kafin yunwa ta iso. Mun ga haka a amai da gudawa na 2021.

Don sha da girki da wanka, ma'aunin agaji lita 15 ne ga mutum a rana. Gidan mutum takwas lita 120 ke nan, jarka biyar masu lita 25, ba mai iya ajiye na mako. Abin da za a iya shi ne ruwan sha: lita uku kowa, jarka ɗaya a rana. A ajiye jarka uku a rufe a inuwa, ana juya su, kuma kada a yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma.

Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Mutane na ganin ruwa ya yi garau su sha, nan ake faɗawa. Bayan ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta, sannan ko a tafasa ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur, ko a jefa maganin tsabtace ruwa na Aquatabs mai miligiram 67 ƙwaya ɗaya a lita 20, a jira minti 30. Randa kuma a yi mata moɗa mai dogon hannu, don hannun da ke shiga shi ke mayar da cutar.

Ruwan gishiri da sukari: ƙunshin ORS ya fi, a ajiye ko goma. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, yawansa na iya cutar da yaro. Ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo. A haɗa da zinc, miligiram 20 a rana kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba miligiram 10, nono kuma kada a tsayar. Yaron da idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ko ya daina fitsari, asibiti ne, ana tafe ana ɗiga masa.

Masu hawan jini da ciwon sukari su riƙe maganin wata ɗaya gaba, suna shan tsohon suna ajiye sabon. Tsayar da maganin hawan jini kwatsam da sunan an yi addu'a ya jawo shanyewar ɓarin jiki a gidaje da yawa, ina faɗa ne da baƙin ciki. A yi addu'ar, a sha maganin. Saran maciji, wanda ke yawa lokacin ambaliya: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A cire zobe da awarwaro, a ɗaure gaɓar a jikin sanda kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti.

Manomin shinkafa, Yauri

Mama ta faɗi gaskiya kan ruwan sha, rijiya da ambaliya ta haɗa ta da masai ta gama. Mu na bakin Kwara ruwa biyu muke lissafi: farin ruwa na damina daga Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa da ke saukowa daga wajen Mali cikin hunturu. Na farkon ne ke cin gida da gona. A 2020 hukumomin jiha sun ce shinkafa wajen kadada 450,000 ta nutse a Kebbi.

A kafa sanda mai alama a bakin ruwa, a duba safe da yamma. In hawan yau ya fi na jiya kwana biyu a jere, a kwashe hatsi da tsofaffi da awaki zuwa tudu tun da rana. Hasashen hukumar yanayi ta NiMet da na hukumar lura da ruwa ta NIHSA suna fitowa tun kafin damina, a saurara a rediyo. Ginin laka daga gindi yake shan ruwa, yakan faɗi ne cikin dare bayan ruwan sama ya ɗauke, saboda haka kada yara su kwana jikin bangon da ya jiƙe. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kada ƙato. Jirgi kuma in ya cika a bar shi ya tafi. Wanda ya kife kusa da Wara a Mayun 2021 ya tafi da mutum fiye da ɗari.

Mai gyaran waya da sola, Gusau

Darasinmu na Zamfara gajere ne. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya, wasu ƙananan hukumomi suka yi watanni, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Ba kira, ba tura kuɗi, ba POS. Farkon 2023 kuma waya na aiki amma takardar kuɗi ta ɓace. Don haka a riƙe tsabar kuɗin cefanen mako biyu, ƙananan takardu, 200 da 500, don mai dubu ba ya samun canji. Lambobi goma mafi muhimmanci a rubuta a takarda. Ƙaramar waya mai maɓalli tana kwanaki ba caji. Power bank mai 20,000 yana cika babbar waya sau uku zuwa huɗu, amma in an jefa shi a akwati aka manta, batirinsa na mutuwa. A caja shi duk wata biyu ko uku. Tocila da rediyo a cire musu batir in ba a aiki da su, yana tsiyaya ya cinye ƙarfen. Janareta a waje kawai, nesa da taga, gubar hayaƙinsa ba ta da wari.

Shugabar zumuntar mata, Fakai

Baba Dattijo, a yi mini haƙuri, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Mai arzikin nan na Luka 12 shi ma ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, Ubangiji ya kira shi wawa. Laifinsa, a fahimtata, duk lissafinsa kansa ne kaɗai. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar da ta baro ƙauyensu da zanen jikinta, ina za ta samo buhu uku? Da Agabus ya yi annabcin yunwa a Antakiya, masu bi tarawa suka yi kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya.

Abin da ke aiki a zumuntarmu: lokacin kaka kowane gida tiya ɗaya cikin kowane buhu, a ɗura a buhun PICS a kulle a rumbu ɗaya, mabuɗi biyu a hannun mutum biyu da ba dangin juna ba, littafi ɗaya da ake karantawa a gaban jama'a. Inda abin ke rushewa shi ne a ba da bashi ga masu ƙarfi da alkawarin biya da kaka, ko a bar mabuɗi wajen mutum ɗaya. Rabo kuma ba a tambayar addini. Maƙwabcinmu Musulmi da muka gudu tare, tare muke ci.

Sai jakar gudu, wadda mace mai goyo za ta iya ɗauka da hannu ɗaya. Katin NIN, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, takardar fili da ta makaranta, a naɗe cikin leda biyu, a ɗauki hotonsu a aika wa ɗan'uwa da ke wani gari. Zane biyu, gidan sauro, ashana a cikin roba, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, ORS, ƙaramin Littafi Mai Tsarki. Ta rataye kusa da ƙofa, ba ƙarƙashin gado ba. Kowane yaro da ya iya magana ya haddace sunan mahaifinsa, sunan ƙauyensu, da lambar waya ɗaya. A kuma sa wurin haɗuwa biyu, na kusa da na nesa, don da dare ake watsewa.

Dattijon ikilisiya, Zuru

Mama, kin gyara mini, na karɓa. Zan kai maganar rumbun ikilisiya gaban dattawa. Ƙari ɗaya kan jakar: a Matiyu 24 Ubangiji ya ce wanda ke kan soro kada ya sauko ɗaukar kaya, wanda ke gona kada ya koma ɗaukar mayafinsa. Mun binne waɗanda suka tsira sannan suka koma kwance shanu. A gaya wa samarinmu wannan tun yanzu.

Malamin gona, yaya batun iri? Wasu na tsoron buhun da ba iska zai kashe shi.

Malamin gona, Danko-Wasagu

Ba ya kashe shi, Baba, in ya bushe sosai kafin ɗuri. Mai danshi ne ke mutuwa. Iri a zaɓe shi tun a gona daga zangarniya mafi kyau, a ajiye shi daban da na ci, a rubuta suna da shekara a jiki, don in yunwa ta matsa hannu na kai wa gare shi. A raba shi biyu kamar hatsin, rabi a wani gida. Ana saura mako uku shuka, a ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya a buɗe. In 17 ko fiye sun tsiro, a shuka yadda aka saba. In tsakanin 12 da 16 ne, a ƙara ƙwaya a kowane rami. Ƙasa da haka a nemi wani irin tun ruwa bai sauka ba.