Sakamakon Regents na makaranta: wace lamba ce abin dubawa?

Baƙon Bronx

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga waɗanda suka san makarantun sakandare na jihar New York. Akwai yaro ɗan shekara 14 da zai shiga aji 9, bai daɗe da zuwa daga gida ba. Lissafinsa da kyau, Turanci ne dai sai a hankali. An ba mu sunan makarantu biyu a Bronx. Da na duba sakamakonsu na Regents, wato jarrabawar da jihar ke shirya wa 'yan sakandare, a ta farko kusan duk wanda ya zauna Algebra I ya ci, a ta biyu kuwa da ƙyar rabi suka haye. Amma a yawan masu kammala makaranta babu wata tazara tsakaninsu. Ta yaya haka ke faruwa? Wace lamba zan riƙe? Sannan 65 ɗin da ake cewa shi ne ci, daidai yake da kiredit a WAEC?

Mai Alli da Allo

Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da 65 ɗin, don a nan yawancin iyaye ke zamewa. Ba kashi 65 cikin 100 na tambayoyin ba ne. Ana haɗa makin da yaro ya samu a takarda, sai a duba wani jadawali da ma'aikatar ilimi ta jiha ke fitarwa a kowane zama, a juya shi zuwa ma'auni na 0 zuwa 100. A tsohon tsarin Algebra I, wanda aka sauya a Yunin 2024, jimillar maki 86 ne, kuma wanda ya samu abin da bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba yana iya tashi da 65. Tambayoyin zaɓi kaɗai 24 ne, kowace maki 2. Ka ga ke nan yaro na iya hayewa bai taɓa ɓangaren nuna aiki ba. Don haka kada ka ɗauke shi kamar C6 da za a nuna a ƙofar jami'a. Ya fi kama da "an dai sha da ƙyar".

A shafin alƙaluman ma'aikatar, data.nysed.gov, ana raba sakamako mataki biyar. Mataki na 1 ƙasa da 55, na 2 daga 55 zuwa 64, na 3 daga 65, na 5 kuma daga 85 zuwa sama. Makarantar da yawancin ɗalibanta suka taru a mataki na 3 da wadda ke da tarin yara a na 4 da na 5 duk za su iya nuna maka kashi ɗaya na masu ci, alhali ba ɗaya suke ba.

Sai batun teburin sakamako da ke shafin. Iri biyu ne, kuma ina kyautata zaton na farko ka duba. Na farkon sakamakon shekara ne: duk wanda ya zauna jarrabawar a wannan shekarar, har da masu maimaitawa. Na biyun sakamakon rukuni ne: ana ɗaukar yaran da suka shiga aji 9 tare, a duba inda suka tsaya bayan shekara huɗu, a ƙirga wa kowa mafi kyawun makinsa a fannin, kuma akwai gurbin waɗanda ba su zauna ba sam. Shi ne ya fi gaya maka abin da makaranta ta yi da yaran da aka ba ta.

Teburin shekara na Algebra I yana da wani tarko na musamman. Yara da yawa masu ƙarfi a lissafi tun a aji 8 suke zauna shi, kafin su shigo sakandare. Makarantar da ta karɓi irinsu da yawa, waɗanda suka rage mata su zauna Algebra I su ne masu rauni da masu sake gwadawa, sai lambarta ta yi muni ba tare da laifin malamai ba. Maganin wannan shi ne ka duba mutum nawa suka zauna, ka gwada da yawan 'yan aji 9. In aji 9 na da yara 150 amma 40 ne suka zauna, to tambayi inda sauran suke. Kuma a cikin 40, kowane yaro kashi 2.5 ne. Yara huɗu su kwana da zazzaɓi, makaranta ta sauka da kashi 10. Shi ya sa ba a yanke hukunci da shekara guda, a jera uku a gani.

Hajiyar Harlem

Malam ya gama da lissafin. Ni zan amsa dalilin da ya sa masu kammalawa suka zo kusan ɗaya. Ana yin Regents sau uku a shekara, Janairu da Yuni da Agusta, kuma yaro na iya sakewa har sai ya ci, mafi girman maki ake ɗauka. Shaidar kammalawa ta Regents jarrabawa biyar take buƙata: Turanci, lissafi ɗaya, kimiyya ɗaya, tarihi ɗaya, da ƙarin guda da yaro zai zaɓa, tare da kiredit 22 na darussa (wato ƙidayar darussan da yaro ya ci a aji, ba irin kiredit na WAEC ba), wanda makarantun birnin New York ke ƙirgawa 44. Wanda ya faɗi Algebra I a aji 9 yana da shekara uku a gabansa. Bayan haka akwai ɗaukaka ƙara: yaron da ya zauna jarrabawa aƙalla sau biyu, ya samu 60 zuwa 64, kuma ya ci darasin a aji, makaranta na iya nema masa a karɓa. Duk waɗannan suna cike gibin da ka gani.

Amma ɗan'uwa, tunda yaron sabon zuwa ne, lambar makaranta gaba ɗaya ba taka ba ce. A cikin teburin akwai layin masu koyon Turanci, shi za ka bi. In ka ga harafin s a gurbin lamba, yaran ba su kai biyar ba aka ɓoye don kare sirrinsu, kuma wannan ma labari ne: makarantar ba ta saba da irin ɗanka ba. Makarantar da ke tace ɗalibai tun a ƙofa dole sakamakonta ya yi kyau. Irin su Stuyvesant da Bronx Science da jarrabawar SHSAT ake shigarsu, ba a auna su da makarantar unguwa da ke karɓar yaro ko a watan Maris ya sauka daga jirgi.

Abubuwan da yaro mai koyon Turanci ke da haƙƙi a kansu ranar jarrabawa: ƙarin lokaci a kan awa ukun da aka saba, ƙamus mai fassara kalma da kalma ba mai bayani ba, da takardar da aka fassara in akwai ta a harshensa. Akwai ta Sifaniyanci da Sinanci da Rashanci da wasu, babu ta Hausa. A irin wannan hali an yarda a kawo mai fassara da baki, sai dai ban da jarrabawar Turanci kanta. Tambayi makarantar tun yanzu ko ta taɓa samo mai fassara Hausa, don ba abu ne da ake shiryawa ana gobe jarrabawa ba.

Sannan a kula da kimiyya. Ba a barin yaro ya zauna sai ya cika minti 1,200 na aikin ɗakin gwaji tare da rahotanninsa a rubuce. Yaran da suka shigo tsakiyar shekara, ko aka tafi da su gida hutu mai tsawo, a nan suke maƙalewa, ba don ba su iya ba. Kwanakin makaranta 180 ne a shekara, wanda ya rasa 18 an sa shi a jerin masu yawan fashi.

Ɗan Kididdiga

Na yarda da Hajiya, sai dai kada a ce lambobin ba su da amfani. Akwai wadda wuya ne a yi mata kwalliya: yara nawa ke zauna Geometry da Algebra II da Chemistry da Physics. Jarrabawar lissafi ɗaya ta isa a kammala, don haka makarantar da ke neman suna kawai tana iya tsayar da yara a Algebra I. In ka ga ɗalibai ɗari suna kammalawa amma 'yan ƙalilan ne suka zauna Algebra II, ko babu Physics sam, yaro mai kaifin lissafi zai zauna ne yana hamma. Duba kuma kashin masu samun babbar shaida, wadda ake kira Advanced, mai buƙatar lissafi uku, kimiyya biyu, tarihi biyu da Turanci. Jami'ar birni, CUNY, ita ma ba 65 take dubawa ba wajen ɗaukar yaro a matsayin wanda ya shirya: 75 take so a Turanci, 70 a Algebra I.

Shekarun korona kuma a ajiye su gefe. An soke jarrabawar Yunin 2020, a Yunin 2021 guda huɗu kawai aka yi, aka yafe wa ɗimbin yara, sannan na ɗan lokaci aka sauko da ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa maki 50. Duk rukunin da ya ratsa waɗannan shekaru, yawan masu kammalawarsa ya kumbura.

Wani abu kuma: akwai makarantun da ke cikin ƙungiyar da aka ba izinin auna yara da aikin bincike da kare shi a gaban malamai, Regents ta Turanci kawai suke zauna. In teburin makaranta ya zo fayau a lissafi da kimiyya, wataƙila dalilin ke nan.

Baƙon Bronx

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Amma na ji ana cewa za a daina Regents ɗin ma. In haka ne, duk wannan binciken na mene ne?

Mai Alli da Allo

Ba dainawa za a yi ba Malam. A Nuwamban 2024 ma'aikatar ilimi ta fitar da tsarin cire sharaɗin cin Regents daga samun shaidar kammalawa, daga shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028. Jarrabawar kanta tana nan, domin dokar tarayya ta 2015 ta wajabta wa jihohi su gwada 'yan sakandare a Turanci da lissafi da kimiyya, kuma makin zai ci gaba da bayyana. Ga wanda zai shiga aji 9 yanzu, ka tambayi mai ba ɗalibai shawara na makarantar wace ƙa'ida ce za ta hau kan rukuninsa, a ba ka a rubuce.

In ka je, tafi da takardun sakamakonsa na gida, ka nemi a gwada lissafinsa kafin a sa shi aji, don sau da yawa ana ajiye sabon zuwa a ƙaramin ajin lissafi saboda Turancinsa. Tambayi ko Algebra I ɗinsu na shekara ɗaya ne ko an shimfiɗa shi shekara biyu. In na shekara biyu aka sa shi, Geometry sai aji 11, Algebra II sai aji 12, kuma babu sauran wurin sakewa in ɗaya ta kuɓuce.