Tsofaffin hotunan bangon ɗakin kakanni, daga ina suke zuwa?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya muna kwashe kayan marigayiya kakarmu sai na ci karo da hoton nan na Shehu Abdulƙadir da zaki a gefensa, da na Buraƙa mai fuskar mace da fukafukai, takardar duk ta yi ja. Muna yara Hajiya sai ta zaunar da mu ta yi ta ba mu labari daga hoto ɗaya tal, alhali ba ta iya boko ba. Wai su waye ke buga su ne?

Malam Na-Zinder:
Allah ya jiƙan Hajiya. Yawancin na farko daga Masar ake bugo su, alhazai da fatake su taho da su. Kuma ka lura mai zanen ba ruwansa da kamanni, alama yake sa maka, ka ga zaki ka san Jilani ne, barewa Shehu Tijjani, takobi mai baki biyu kuwa Sayyadina Ali. Labarin dama yana kan mai kallo, hoton tuni kawai yake masa. Har tsoronsu Faransawa suka ji, gwamnansu na Afirka ta Yamma William Ponty ya hana shigo da su kafin yaƙin duniya na farko, sai 'yan Senegal suka koma kwafarsu a jikin gilashi.

Uwar Ilham:
Ni wanda ya hana ni barci ina ƙarama na matar nan ne mai tulin gashi da maciji a wuya, wai Mami Wata, wallahi ko wucewa ban son yi ta shagon da aka liƙa shi. Sai da na girma na ji ashe tallar wata mai wasa da maciji ce aka buga a Hamburg ta Jamus wajen 1880, a 1955 aka sake buga shi a Bombay aka aiko wa 'yan kasuwa a Kumasi. Akwai ma ɗan ƙaramin hoto a gefe na wani yana busa wa macizai sarewa, mu dai mun ce mijinta ne lol.

Abban Sadiq:
Malam ban yarda duka tuni ba ne fa. Rashawa na da nasu da suke kira lubok, akwai wanda ɓeraye suka ɗauko gawar kyanwa za su kai ta kabari har da kiɗa, wannan ko ba ka taɓa jin labarin ba ai ka gane da masu mulki ake.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na Buraƙar ya yage ta ƙasa, gobe zan kai a sa min shi a firam.