Takardar kotu ta shiga hannun ƙanena: daga wace rana ake fara ƙidaya?

Direban Adar ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin shari'a, domin lokaci yana neman ƙure mini. Bara, a cikin garin Tawa, motata ta bugi babur ɗin wani ɗan kabu-kabu a wata mahaɗar hanya. Babur ɗin ya lalace, shi kuma ya ji rauni a ƙafa. 'Yan sanda suka zo suka auna wurin, suka rubuta bayaninmu, na ba da adireshin gidan mahaifinmu domin a can nake zaune a lokacin. Bayan wata biyu na sami aikin tuƙi a Yamai, na koma can da iyalina, ina zaton maganar ta mutu tunda na biya kuɗin magani da hannuna.

Shekaranjiya na zo gaishe da mahaifiyata, sai ƙanena ya ɗauko mini ambulan biyu daga ƙarƙashin katifarsa. Ta farko sammaci ce ta zaman kotun da aka yi tuntuni ban sani ba. Ta biyu kuma sanarwar hukunci ce, wadda wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun kotu, ya kawo ranar 3 ga wannan wata, tana cewa an ci ni tarar jika 50, wato sefa dubu 50, an kuma ɗora mini diyyar jika 400. Yau 9 ga wata. Ƙanena ya ce ya ga rubutun Faransanci ne, ya ɗauka takardun inshora ne. Shin takardar da ba a ba ni hannu da hannu ba tana da ƙarfi a kaina? Kuma idan ina son ɗaukaka ƙara, ina zan kai takardata, kuma kwana nawa suka rage mini?

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara cire wani tunani daga ranka: takardar da wisiye ya bari a gidan da kai da kanka ka ba hukuma a matsayin mazauninka, ya kuma miƙa ta ga ɗan gidan da ya tarar, doka tana ɗaukarta isarwa ce. Tsarin shari'ar laifuka da muke aiki da shi a Nijar, wanda asalinsa dokar 1961 ce da aka yi wa gyare-gyare, ya jera hanyoyin isarwa bi da bi. Mafi ƙarfi ita ce a ba mutum a hannunsa. Idan ba a same shi ba, a bar wa wani na gidansa. Idan babu mai karɓa, a ajiye a ma'aikatar magajin gari. Idan kuma ba a san masa mazauni ba ko kaɗan, a kai ofishin mai shigar da ƙara na gwamnati. Taka ta faɗa a mataki na biyu.

Amma kafin ka yi maganar ɗaukaka ƙara, ka nemi wanda zai karanta maka hukuncin da kyau, domin akwai kalma guda da komai ya rataya a kanta. Idan an rubuta cewa an yanke shi ne a bayan idonka, ba tare da shaidar cewa sammacin ya iso gare ka ba, to kana da hanyar da ta fi ɗaukaka ƙara sauƙi, wadda muke kira opozisiyon. Ma'anarta ita ce ka koma kotun da ta yi hukuncin ka ce ba a ji ta bakinka ba, sai hukuncin ya faɗi, a sake zama daga farko a gaban kotun nan ɗaya. Ɗaukaka ƙara kuwa tana kai maganar kotu ta sama ne, kuma wanda ya yi tsalle zuwa can ya zubar da zama guda da yake da haƙƙinsa. A shekarun da na yi a bakin rajista na ga direbobi da yawa sun yi wannan asara, don kawai kalmar ɗaukaka ƙara ce suka saba ji a rediyo.

Wa'adin duka biyun kwana 10 ne ga mazaunin ƙasar nan. Wanda aka yi wa hukunci yana tsaye a kotu, daga ranar furta hukuncin ake ƙidaya masa. Wanda aka yi wa a bayan ido, daga ranar isar da sanarwa. Gaskiya ne doka ta bar wata ƙofa ga wanda ba a ba shi takarda a hannu ba, kuma babu abin da ke nuna ya sami labari, amma wannan ƙofa ce da sai an yi gardama a kanta a gaban alƙali, kai kuwa ba ka bukatarta. Ka ƙidaya daga ranar 3, ka je gobe da safe.

Batun inda za ka kai: ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin, a nan inda aka yi shari'ar, ba a Yamai ba. Ka je da ƙafarka da katin shaidarka da ambulan biyun, a rubuta bayaninka, ka sa hannu, kuma kada ka fito sai da takardar shaida mai kwanan wata da hatimi.

Maman Nafisa ta amsa:

Na yi aikin sakatariya a ofishin wani wisiye, don haka bari in ƙara a kan abin da Baba ya faɗa. Malam, kowace takarda da muke fitarwa tana da asali da kwafi. Kwafin ne ya zo gidanku. Asalin ya koma cikin fayil, kuma a jikinsa wisiye ya rubuta rana, da wurin da ya je, da sunan wanda ya yi magana da shi, da dangantakarsa da kai. Ka roƙi magatakarda ya duba maka asalin sammacin farko. Idan sunan ƙanenka ne a kai, wannan shi ne hujjarka cewa ba kai aka ba ba. Ka kuma tafi da abin da ke nuna ka tare a Yamai tun kafin ranar, kamar takardar ɗaukar aiki ko ta hayar gida.

Wahalar aikin nan a garuruwanmu ita ce rashin lambar gida. Sau da yawa adireshin da ke cikin fayil bai wuce sunan unguwa da "kusa da masallaci" ba, sai wisiye ya bi ta wurin mai unguwa, yaro ya raka shi har ƙofar zaure, wanda ya fito shi ne zai karɓa. Wasu kuma suna ganin ambulan sai su ɓoye hannu a riga su ce ba su sa hannu, suna zaton sun tsare ɗan'uwansu. Ƙin sa hannu ba ya soke komai, ana rubuta cewa an ƙi ne kawai, wa'adi kuma ya ci gaba da tafiya.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin ya fi kowanne haɗari gare ka: idan aka karɓi opozisiyon ɗinka za a sa sabuwar rana, kuma idan ba ka halarta ba, opozisiyon ɗin ya tashi a banza, hukuncin farko ya dawo da ƙarfinsa. Saboda haka ka ba da adireshinka na Yamai da lambar wayarka a rubuce, ka nemi izinin maigidanka tun yanzu, domin tafiyar fiye da kilomita 500 ba a shirya ta da daddare.

Na Tashar Ƙonni ya amsa:

Ɗan'uwa, ni direba ne kamarka. Ban ji ka ambaci kamfanin inshorarka ba, alhali jika 400 ɗin nan diyya ce ta wanda aka buge, kuma irin wannan nauyi ne ake biyan inshora dominsa. Idan takardarka tana da rai a ranar haɗarin, ka sanar da su a rubuce, ka karɓi shaidar sun karɓa. Ka kuma tattaro rasit na maganin da ka biya. Idan kuɗin lauya ya fi ƙarfinka, akwai hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da aka kafa a 2011, tana da ofis a manyan kotuna; ka tambaya a can.

Direban Adar ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode Hajiya da ɗan'uwa. Yau da ƙarfe 8 na je, magatakarda ya tabbatar hukuncin bayan ido ne, sunan ƙanena ne kuma a jikin asalin sammacin. An rubuta opozisiyon ɗina, takardar shaida tana aljihuna, na bar adireshin Yamai. Rasit biyu kawai na samu cikin na maganin, sauran ina jin suna cikin akwatin da na bari a ɗakin mahaifiyata, zan duba kafin in hau mota gobe.