Musayar Waƙa: Wa Zai Kama Mini Gicciyen Nan?

Uwar Zumunta:
Salama a gare ku. Yau wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana, barci kuma ya ƙi zuwa. Duk mai amsa mini ya riƙe amsa-amon "ya".

Ya Ubangiji, ga baiwarka ta durƙusa,
Tambaya ce fal cikin zuciya.

Shekara biyu muna bisa tabarma,
Ni da maigida muna ta jinya.

Awaki sun tafi, akwatin aure ya bi su,
Har keken ɗinkina ya kama hanya.

Mun yi azumi, an shafa masa mai,
Fasto ya zo da dattawan ikilisiya.

Ga shi yau ƙasa ta rufe masa ido,
Yara biyar, kowanne maraya.

In bin Yesu haske ne, ku faɗa mini,
Don me nake lalube cikin rijiya?

Shugaban Matasa:
Mama sannu, Allah ya ba da haƙuri,
Amma ki bar ni in faɗi gaskiya.

Mai bangaskiya ba ya taɓewa,
An yi mana alkawarin lafiya.

Ki duba gida ko akwai wata kafa
Da Shaiɗan ya samu ya shigo ta baya.

Ko zakka aka riƙe, ko tsohuwar gaba,
Ruwa ba ya tsami banza a tukunya.

Tsohon Dattijo:
Kai yaro, ja kujera ka zauna,
Wa'azin nan naka Elifaz ya yi shi tun jiya.

Ayuba na ƙasar Uz, tumaki 7,000,
Raƙuma 3,000, ga tarin dukiya.

Yara 10 ɗaki ya rufta musu,
Duk labarin ya iso masa rana ɗaya.

Abokai uku, har da Elifaz, suka zo, kwana 7 ba magana,
Wannan shirun shi ne wa'azin da suka iya.

Da suka buɗe baki sai tonon laifi,
Har Allah ya ce ba su faɗi gaskiya
a kansa ba. (Baitin ya karye, ku yi haƙuri, haushi ne. Ayuba 42:7.)

Bulus fa? Bulala 39 har sau biyar,
Jirgi ya fashe da shi sau uku a tafiya.

Sau uku ya roƙa a cire masa abin da ke sukarsa,
Aka ce alheri ya isa, aka bar masa ƙaya.

Ya baro abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya,
Ko shi ma zakkarsa ce bai biya?

Malamar Makarantar Lahadi, daga Michika:
Baba, na gaishe ka. Bari in kawo zancen gida.

A 1893 samari uku suka sauka Legas,
Burinsu bishara ta kai can tsakiya.

Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bidda,
Bingham ya koma gida shi ɗaya.

A 1923 aka yi sujada a Garkiɗa,
Ba rufi, ba benci, sai inuwar tsamiya.

A 2014 muka kwana bisa duwatsu,
Hedkwatar ikilisiyarmu ta Kwarhi ta zama kufai, ba kariya.

Fasto Lawan Andimi yana hannun masu bindiga,
Ya ce kome na hannun Allah, bai karaya
ba. A Janairun 2020 suka kashe shi,
Muka yi kuka, muka ta da waƙar godiya.

Wanda ya ce "ɗauki gicciyenka ka bi ni"
Bai ɓoye mana ba, ya ce akwai wuya.

Nas Mai Aikin Dare:
Malama, ban ƙi taki ba, amma ina da ja. Abin da nake gani a ɗakin haihuwa ya hana ni yin shiru.

Ba kowace wahala ce gicciye ba,
Wata sakaci ce, wata mugunta ce tsantsa, ba kunya.

Mace ta zo da kumburarren ido,
An ce mata haƙuri shi ne biyayya.

Yaro na zazzaɓi kwana shida a ɗaki,
Ana jiran mu'ujiza, ga magani a kan hanya.

Bitrus ya raba su: wahala don sunan Almasihu daban,
Ta ɓarawo da mai shisshigi ba su zama ɗaya.

Da aka miƙe Bulus za a zane shi a Urushalima,
Ya ce shi ɗan Roma ne, mai bulala ya ja baya.

Yesu kansa a Getsamani ya roƙa
A ɗauke ƙoƙon in da wata hanya.

A kabarin Li'azaru hawaye ya zubar,
Bai ce wa Maryamu ta daure ta yi dariya
ba.

Uwar Zumunta:
Na karanta duka, har sau biyu. Na gode.

Baba ya wanke ni, Malama ta tuna mini,
'Yata Nas ta ba ni izinin kuka ba kunya.

Amma "don me" ɗina yana nan inda na bar shi,
Ba wanda ya cire mini wannan ƙaya.

Na buɗe Zabura 88 da asuba,
Ta ƙare da duhu, ba ta juya.

Na ce ashe mai irin kukana
An ba shi wuri a Littafi, aya bayan aya.

Abu guda na gani a hanyar Golgota:
Saminu Bakurane aka tsayar ya taya.

In Ubangijina an kama masa itacen,
Ni wace ce da zan ce na iya?

Wake ya bushe a gona yana fashewa,
Ba mai roro sai ni da 'yar yarinya.

Shugaban Matasa:
Mama, na tuba, bakina ya riga hankalina,
Na zuba gishiri a miki, na ji kunya.

Baba, na koma Ayuba na karanta,
Na ga fuskata a ta Elifaz, ba ƙarya.

Ranar Asabar mu goma sha biyu za mu zo,
Kowa da buhunsa, mu yi miki gayya.

Uwar Zumunta:
Na yafe, ɗana. Ku yi sammako kafin rana ta buɗe,
In ta yi zafi kwanson fashewa yake tun a hanya.

Kunun tsamiya zan dama muku,
Sukari ne babu, wani ya taho da shi a leda ɗaya.