Na samu aiki a gidan sinima, me zan tarar?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. An ɗauke ni aiki a wani gidan sinima mai ɗakunan kallo da yawa, zan fara ranar Juma'a. Manaja ya ce daga ƙasa zan faro: duba tikiti, tsaron kanta, shara, duk inda aka jefa ni. Da na tambaye shi yaushe zan koyi haska fim, dariya kawai ya yi. Ni kuwa abin da ya ja ni ke nan. Don Allah wanda ya san aikin ya ba ni haske. Kuma da gaske ne ma'aikata na kallo kyauta?

Tsohon_Majigi:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Kada ka ji haushin dariyar manaja, aikin da kake kwaɗayi ne ya kusa ƙarewa. Lokacin da na shiga, fim yana zuwa ne a zaren 35mm, naɗi-naɗi cikin gwangwanaye masu nauyin tsiya, kowane naɗi wajen minti 20. Mu za mu jona su ɗaya bayan ɗaya, mu naɗe a kan babban faranti, mu zira a na'ura da hannu. Hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa guda, idan zare ya tsinke kuwa, ihun 'yan kallo ne zai fara sanar da kai. Tsakanin 2010 da 2013 yawancin gidaje suka koma dijital, aka sallami da yawa daga cikinmu.

Yanzu fim yana zuwa ne a ma'adanar bayanai irin ta kwamfuta, ko a turo shi ta intanet. DCP ake ce masa, kuma a kulle yake zuwa. Kamfanin da ke rarraba fim ɗin zai aiko da mabuɗi daban, wato KDM, wanda na'ura ɗaya tak yake buɗe wa, daga rana kaza ƙarfe kaza zuwa rana kaza. Wa'adi na cika, na'ura ba za ta ƙara fara haska fim ɗin ba, ko da ɗaki ya cika maƙil. Na taɓa ganin an ƙara wa fim mako guda, ba wanda ya nemi sabon mabuɗi, sai mayar wa mutane kuɗinsu aka yi. Sauran aikin kuwa kwamfuta ce ke yi: ta rage fitilu, ta saka talla, ta saka fim, ta kunna fitilu a ƙarshe. Mutum ɗaya ya isa ya kula da ɗakuna takwas, galibi ma manajan ne da kansa.

Amma kada ka ce babu abin koyo. Kwamfuta ba ta zama a ɗakin kallo, ba ta san hoto ya dushe ba. Ka koyi bambance fim mai faɗin 1.85 da mai 2.39, wato sau nawa faɗin hoton ya ninka tsayinsa, don idan aka rikita su za ka ga hoto bai dace da allo ba. Ka horar da kunnenka: a na'urar sauti ta Dolby lamba 7 ce ƙa'idar ƙarar sauti, amma gidaje da yawa suna ragewa saboda ƙorafin dattawa, ni kuma ban taɓa son hakan ba, don maganar 'yan wasa ce ke fara ɓacewa. Idan gidanku bai koma na'ura mai hasken lesa ba, akwai ƙwan fitilar zenon a cikin na'urar haska fim, wanda ake ƙirga awanninsa. Kada ka kuskura ka taɓa shi. Iska ce matse a cikinsa, yana iya tarwatsewa, masu canza shi ma sai da garkuwar fuska da safar hannu.

Af, Juma'a suka sa ka? Ba su tausaya maka ba, ranar ake sakin sababbin fina-finai.

Yar_Kanta:
Baba Majigi, ka kai yaro sama alhali a ƙasa zai yini. Ɗan'uwa, kuɗin tikiti ba na gidan ba ne duka, masu rarraba fim suna kwashe wajen rabi, a makon farko na babban fim ma ya fi haka. Gugguru da lemo ke riƙe da gidan, shi ya sa idon manaja ba ya barin kanta. Kuma ba guggurun ake ƙirgawa ba, kofuna da kwalaye ake ƙirgawa kafin buɗewa da bayan tashi. Idan kofi ya lalace, ka ajiye shi ka nuna, kada ka jefa a shara, in ba haka ba a kanka za a rubuta. Tukunyar gugguru tana ƙona hannu, ƙamshin man kuma zai bi ka har gida.

Mai_Tocila:
Kallo kyauta akwai, amma ranar hutunka, kuma sai in akwai kujera. Ranar aiki ƙarshen fim kawai za ka riƙa gani kana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya, har ka haddace shi. Ana jera lokutan farawa a rarrabe don kada ɗakuna su tashi tare, don haka kana gama share wannan, wancan ya tashi, wani lokaci minti 15 ne tsakani. Za ka kuma riƙa leƙawa tsakiyar fim saboda masu ɗauka da waya. Akwai ɓoyayyen tambari a hoto da sauti da ke nuna na'urar da aka haska da lokacin, shi ya sa manaja ba ya wasa da wannan. Mafi wuya a wurina shi ne hana yaro shiga fim ɗin manya alhali ubansa na tsaye yana zare ido.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Baba, to ta ina zan bi in kai ɗakin na'ura?

Tsohon_Majigi:
Ka fara yin wata biyu kana shara ba tare da ka makara ba. Duk sanda ka leƙa ɗaki, ka dubi allo, ka saurara, in ka ga matsala ka faɗi lambar ɗakin da ainihin abin da ka gani, ba "fim ya lalace" kawai ba. Daga nan ka roƙi a bar ka ka tsaya daren Alhamis, lokacin da ake loda sababbin fina-finai ana gwada mabuɗansu. Kuma kafin Juma'ar nan ka nemi takalmi mai laushi wanda ba ya santsi, don lemo na zubewa a matakala cikin duhu.